Maganin HIV da aka ƙera daga jikin ƙwayar cutar kanta, da dalilin da ya sa bai iso Katsina ba

A Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, da Babban Asibitin Daura, da sauran wuraren da ake karɓar maganin HIV a jihar nan, abin da akasarin manya ke tafiya da shi gida ƙwaya ɗaya ce a rana, wadda ma'aikata ke kira TLD: tenofovir miligiram 300, lamivudine 300, dolutegravir 50. Amma lokaci zuwa lokaci labari kan zagayo a WhatsApp cewa an samo wata allura ta feftayid da ke hana ƙwayar cutar shiga jiki, ko kuma rigakafin feftayid ya kusa fitowa. Labarin yana da tushe, domin akwai irin wannan allura mai suna enfuvirtide, sai dai ana yanke masa kai da ƙafa kafin ya iso mana. Ya kamata ma'aikacin lafiya da mai shan magani su san inda aka kwana.

Furotin, irin wanda ke cikin nama da wake da jikinmu, sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, kuma iri 20 ne jiki ke gini da su. Idan sarƙar gajeriya ce, daga biyu zuwa wajen 50, ita ce feftayid. Nas-nas ɗinmu sun daɗe suna aiki da irinta: oksitosin da ake yi wa mai haihuwa amino asid 9 ne, insulin na masu ciwon sukari 51. Duka biyun allura ake yi, duka biyun zafi yana lalata su. Ba a haɗiye su ne saboda ciki ba ya bambance feftayid ɗin magani da tsokar nama. Pepsin a tumbi da trypsin a hanji za su daddatsa shi kafin ya kai jini. Wanda ya riƙe wannan ya riga ya fahimci rabin matsalar da za ta biyo baya.

Ƙera shi ma aiki ne. Hanyar da Bruce Merrifield ya fito da ita a 1963, wadda ta sa ya sami kyautar Nobel a 1984, ita ce a liƙa amino asid na farko a jikin wasu ƙananan ƙwayoyin roba, a riƙa ƙara ɗaya bayan ɗaya ana wankewa a tsakani. A ce kowane haɗi yana yin daidai kashi 99 cikin ɗari. Kafin a jera 36, kashi 70 kawai na sarƙoƙin ne za su fito cikakku, sauran sun rasa ɗaya ko biyu a hanya, kuma tilas a tace su a zubar. Daga nan tsada take farawa.

Yadda ƙwayar ke shiga, da inda aka tare ta

A bayan kowace ƙwayar HIV akwai 'yan ƙayoyi kaɗan, kowace ƙaya kuma haɗin furotin biyu ce: gp120 guda uku a sama, gp41 guda uku a ƙarƙashi a naɗe. Da farko gp120 yakan kama wani furotin mai suna CD4 a jikin ƙwayar garkuwar mutum (shi ya sa ake kiranta ƙwayar CD4), sannan ya kama mataimaki na biyu, CCR5 ko CXCR4. Wannan kamun ne ke sa gp41 ya miƙe ya soka bakinsa cikin fatar ƙwayar mutum. A wannan lokaci ƙwayoyin biyu suna haɗe amma ba su narke da juna ba. Sai gp41 ya lanƙwashe biyu: sashensa na ƙasa, HR2, ya kwanta cikin kwaruruka uku da ke jikin sashen sama, HR1, su zama dami mai sanda shida. Wannan lanƙwasawar ce ke jawo fatun biyu su haɗe, ƙofa ta buɗe, kayan cikin ƙwayar cutar su zube cikin ƙwayar mutum.

Tsakanin miƙewa da lanƙwasawa akwai 'yan mintoci da kwarurukan HR1 suke a buɗe. Masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka, a farkon shekarun 1990, suna yanka gutsattsarin gp41 ne da niyyar neman rigakafi, sai suka ga wani gutsure da aka kwafo daga HR2 yana hana ƙwayar shiga gaba ɗaya. Yana riga HR2 na gaskiya shiga kwarin ya zauna. Kamar ƙyalle ne ya shiga zif ɗin jaka: haƙoran suna nan lafiya, amma ba za su haɗu ba. Wannan gutsure mai amino asid 36 shi ne enfuvirtide, ko T-20, wanda kamfanonin Trimeris da Roche suka fitar da sunan Fuzeon, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta amince da shi a watan Maris na 2003. Shi ne maganin HIV na farko da ke aiki a wajen ƙwayar mutum, tun cutar ba ta shiga ba. A gwaje-gwajen TORO 1 da TORO 2 ya taimaki mutanen da sauran magunguna suka daina yi wa aiki, kuma a wancan zamanin irin waɗannan mutane ba su da wata mafita.

Sai a dubi abin da ake nema daga mai amfani da shi. Maganin gari ne a 'yar kwalba, miligiram 108. Ana zuba masa mililita 1.1 na ruwan haɗa allura, a ɗan ƙwanƙwasa kwalbar da yatsa na daƙiƙa goma, a mirgina ta a hankali tsakanin tafuka. Ba a girgizawa, domin kumfa zai yi, kumfar kuma ta jinkirta narkewa ta hana a ja adadin da ya dace. Narkewar kan ɗauki har minti 45. Sai ruwan ya zama garau, ba launi, ba gudaji, sannan a ja mililita ɗaya, wato miligiram 90, a yi a ƙarƙashin fatar ciki ko gaban cinya ko dantse. Ana kauce wa cibiya da tabo da inda aka yi jiya bai huce ba. Idan allurar ta zarce ta shiga tsoka, zafin ya fi tsanani kuma ya fi daɗewa. Wanda aka narkar ba a yi amfani da shi nan take ba, a firij zai zauna tsakanin digiri 2 da 8, kuma kada ya wuce awa 24. A fito da shi ya saki sanyi kafin a yi. Duk wannan sau biyu a rana, saboda cikin ƙasa da awa huɗu rabin maganin ya bar jini. Allura 730 ke nan a shekara.

Kusan kashi 98 cikin ɗari na waɗanda suka yi amfani da shi sun sami matsala a wurin allurar: zafi, ja, ƙaiƙayi, taurin fata, ƙulluttai da kan ɗauki kwanaki. Bayan watanni mutum yakan rasa lafiyayyen wurin da zai soka. An kuma ga nimoniya ta fi yawa a cikinsu. Ƙwayar cutar ma ba ta zauna ta zuba ido ba: canjin amino asid ɗaya tak a HR1, tsakanin gurbi na 36 da na 45, ya isa ya sa maganin ya kasa kamawa, kuma idan babu wasu magunguna masu aiki tare da shi wannan canji kan bayyana cikin makonni. Ba ya aiki a kan HIV-2, nau'in HIV na biyu, wanda galibi a Afirka ta Yamma ake samunsa, musamman wajen Gini Bisau da Sanagal. Ƙera shi yana bin matakai 106, kuɗinsa a lokacin da ya fito kusan dala 20,000 ne a shekara ga mutum ɗaya.

Ko da kyauta aka kawo shi, a ganinmu da ƙyar zai zauna a nan. Garin maganin ana so a ajiye shi wajen digiri 25, kada ya wuce 30, mu kuwa a Afrilu zafin Katsina yakan haura 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi waje. Firij sai da wuta. Akwai kuma abin da takardun kamfani ba sa lissafawa: matar da ba ta gaya wa kishiya ko surukarta halin da take ciki ba tana iya ɓoye robar ƙwaya a ƙasan akwati, amma kwalabe 60 da sirinji da kwalin zubar da allura na wata guda ba sa ɓoyuwa a gidan yawa. Da magunguna irin su dolutegravir da darunavir suka samu, buƙatarsa ta ragu ko a ƙasashen masu kuɗi, har aka daina sayar da shi a Amurka a 2025.

Masu bincike ba su watsar da dabarar ba, gyaran rauninta suka shiga yi. A ƙasar Sin, kamfanin Frontier Biotechnologies ya ɗaura wa irin wannan feftayid wani ƙugiyar sinadari da ke manne wa albumin, furotin ɗin da ya fi yawa a ruwan jini. Tunda ƙoda ba ta tace albumin, maganin yakan daɗe fiye da kwana goma kafin rabinsa ya fita. Sunansa albuvirtide, an amince da shi a Sin a 2018, miligiram 320 ta jijiya sau ɗaya a mako bayan alluran farko na jere. Ci gaba ne, amma mako-mako a je asibiti a ɗaura ruwa ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin Baure ko Jibiya. Wata hanyar ita ce ta Jami'ar Utah: amino asid na jikinmu duk masu juyin hagu ne, enzayim masu datse furotin kuma su kaɗai suka sani. Idan aka ƙera feftayid da masu juyin dama, enzayim ɗin ba sa iya cinsa. Wanda suka fitar, CPT31, ya kai matakin gwajin farko a jikin mutane. Wasu kuma suna ɗaura wa feftayid jelar kitse don ya maƙale a fatar ƙwayar mutum, daidai inda shigar take faruwa. Babu ko ɗaya cikin waɗannan biyun na ƙarshe da ya zama maganin da likita zai rubuta.

Jikokin feftayid da ke cikin famasinmu

Inda ilimin feftayid ya amfane mu kai tsaye wani wuri ne daban. HIV tana ƙera furotin ɗinta a doguwar sarƙa ɗaya, sai wani enzayim nata, furotiyes, ya yayyanka ta gunduwa-gunduwa. In bai yanka ba, ƙwayar da za ta fito ba ta iya kama kowa. Ɗaya daga wuraren da yake yanka shi ne tsakanin fenilalanin da furolin, inda enzayim ɗin mutum ba su cika yanka ba. Sai aka ƙera sinadari mai kama da wannan gaɓar feftayid, amma da haɗin da ba ya yankuwa. Furotiyes ya cafke shi ya kasa saki. Haka aka sami saquinavir a 1995, ritonavir da indinavir a 1996, lopinavir a 2000, atazanavir a 2003. Kwaikwayon feftayid ne, an rage musu girma an taurara su har ciki ya kasa narkar da su, shi ya sa ake haɗiye su.

Wanda aka mayar layi na biyu a asibitocinmu, wato maganin da ake komawa in na farko ya daina aiki, galibi ɗayan biyun nan yake sha: atazanavir 300 da ritonavir 100 sau ɗaya a rana tare da abinci, ko lopinavir da ritonavir 200 da 50, ƙwaya biyu safe biyu yamma. Ritonavir ɗin da ke ciki ba don ya kashe cutar aka sa shi ba, yana toshe enzayim ɗin hanta ne mai suna CYP3A4 don abokin tafiyarsa ya daɗe a jini. Wannan toshewar ce ke sa ya yi karo da magunguna da yawa, don haka duk abin da mutum zai saya a kemis ya fara nuna wa mai ba shi magani.

Abubuwa uku ke yawan ɓata wa masu atazanavir. Yakan sa ido ya yi rawaya saboda yana hana hanta sarrafa bilirubin, sinadari mai launin rawaya da ke cikin jini. Mafi yawan lokaci hantar lafiyarta ƙalau, amma a gida za a ce shawara ce, a kawo jiƙo, ko mutum ya ajiye maganin bai gaya wa kowa ba. Abin yi shi ne a zo a gwada hanta, a tabbatar ba ciwon hanta na B ko C ba ne, in rawayar ta dame shi a canza masa. Na biyu, atazanavir sai da tsamin ciki yake narkewa. Omeprazole da jama'a ke sha don olsa yana rage adadin da ke shiga jini ƙwarai, ruwan maganin ƙwannafi ma haka idan aka sha su lokaci guda, jiƙon kanwa kuma aikinsa ɗaya da su wajen kashe tsami. Na uku, rifampicin na maganin tarin fuka yana sa hanta ta ƙone atazanavir da sauri, ba a haɗa su sam. Mai TLD da ya kamu da tarin fuka kuwa, ana ƙara masa dolutegravir 50 ne awa 12 bayan ƙwayarsa ta kullum.

Rigakafi

A takarda, rigakafin feftayid ya fi kowanne kyau. Babu ƙwayar cuta a ciki, rayayya ko matacciya, don haka ba zai taɓa sa wa mutum HIV ba. Ana zaɓar gutsuren da ƙwayar ba ta iya canzawa ba tare da ta cuci kanta ba, a nuna wa garkuwar jiki shi kaɗai. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Antibodi, wato makaman da garkuwar jiki ke ƙerawa, siffa suke ganewa, ba jerin amino asid kawai ba. Gutsuren da aka ciro daga furotin yakan saki jiki ya yi ta lanƙwasa yadda ya ga dama, sai jiki ya ƙera antibodi mai kama gutsuren da kyau amma bai san ƙayar gaskiya ba. Haka ta faru a shekarun 1990 da madaukin V3 na gp120: antibodin sun kashe ƙwayoyin da aka daɗe ana renonsu a ɗakin gwaji, suka kasa waɗanda aka ɗebo daga jinin marasa lafiya. Ga shi kusan rabin nauyin gp120 sukari ne da ƙwayar ta lulluɓe kanta da shi, irin sukarin jikin mutum, wanda garkuwa ba ta kai wa hari. Feftayid kuma ƙarami ne, shi kaɗai ba ya tayar da garkuwa. Sai an ɗaura shi a kan babban furotin kamar na rigakafin tetanus, ko an sa masa kitse, an haɗa da sinadarin zuga garkuwa.

Ta ɓangaren ƙwayoyin T masu kashe ƙwayar da cuta ta shiga, matsalar gado ce. Su ba sa ganin feftayid sai wani furotin na jikin mutum, HLA, ya ɗaga musu shi, gutsure mai amino asid 8 zuwa 11. Kowa da irin HLA ɗin da ya gada, kuma kowane iri da gutsuren da yake iya riƙewa. HLA-B53, alal misali, ya yawaita a Afirka ta Yamma, a Turai kuwa kaɗan ne. Rigakafin da aka auna da jinin Turawa zai iya wucewa ta jikin Bakatsine garkuwarsa ba ta ko lura ba. Ita ma ƙwayar ba iri ɗaya ba ce: a Amurka da Turai nau'in B ya fi yawa, a kudancin Afirka C, a Najeriya kuwa G da CRF02_AG. Manyan gwaje-gwajen rigakafi ana kai su inda sabbin kamuwa suka yi yawa ne don a ga bambanci da wuri. Binciken ƙasa na NAIIS a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 a Najeriya ke ɗauke da cutar, Katsina kuma tana cikin mafi ƙaranci da kashi 0.3. Abin godiya ne, amma yana nufin ba da nau'in ƙwayarmu ake yawan auna waɗannan alluran ba.

An gwada da dama. Vacc-4x na kamfanin Bionor a Norwe feftayid huɗu ne daga p24, wani furotin na ƙwayar HIV, an yi shi don masu ɗauke da cutar, ko garkuwarsu za ta riƙe ta ba magani. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna bai rage yawan waɗanda suka koma shan magani ba, ko da yake ƙwayar ta ɗan yi ƙasa a jinin wasu. Faransa ta gwada LIPO-5, feftayid biyar masu jelar kitse. Garkuwa ta motsa, kariya ba ta tabbata ba. Wanda ya fi jan hankali kwanan nan shi ne HVTN 133, inda aka dasa gutsuren gindin gp41 a jikin ƙananan ƙwallayen kitse don ya riƙe siffarsa ta asali. An dakatar da gwajin bayan jikin mutum ɗaya ya yi mummunan ƙin allurar, ana zargin wani sinadarin haɗi mai suna PEG. Duk da haka rahoton 2024 ya nuna wasu sun fara ƙera antibodi masu kama nau'o'in HIV daban-daban bayan allura biyu, sai dai adadinsu bai kai na kariya ba. Sauran hanyoyin da ba na feftayid ba ma haka suka ƙare: gwajin RV144 a Tailan a 2009 ya ba da kariya kashi 31 kawai, HVTN 702 a Afirka ta Kudu aka tsayar a 2020, Imbokodo a 2021, Mosaico a 2023. Babu rigakafin HIV mai lasisi a ko'ina a duniya.

Allurar wata shida da ake ta magana a kai, lenacapavir, ba feftayid ba ce kuma ba rigakafi ba ce irin ta ƙyanda ko shan inna. Magani ne da ke zaune a ƙarƙashin fata yana tsiyaya a hankali, yana lalata ƙoƙon da ke ɗauke da kayan gadon ƙwayar. A gwajin PURPOSE 1 a Afirka ta Kudu da Yuganda a 2024, babu ko ɗaya cikin mata fiye da 2,000 da aka yi wa ita da ta kamu, Amurka kuma ta amince da ita don kariya a Yunin 2025. Garkuwar jiki ba ta koyon komai daga gare ta. In wata shida suka cika ba a sake ba, kariyar ta tafi. Tilas a yi gwajin HIV kafin kowace allura, domin mai cutar da bai sani ba idan ya karɓe ta ita kaɗai, ƙwayarsa za ta koyi jure mata.

Masu tallar garin "feftayid" ko kafso a intanet da sunan yana wanke HIV, bayanin farko ya ishe su amsa: abin da aka haɗiya ciki zai narkar. Haɗarin ma ba a garin yake ba, a ajiye TLD yake. Ƙwayar tana kwance a ɓoye cikin wasu ƙwayoyin CD4 masu barci, kuma idan aka daina magani takan dawo jini galibi cikin mako biyu zuwa huɗu, tun mutum bai ji komai a jikinsa ba. A gwaje-gwajen rigakafi irin Vacc-4x ana dakatar da magani da gangan, amma ana ɗibar jini a kai a kai, da ƙa'idar da aka rubuta tun farko ta ranar da za a mayar da mutum kan magani. A nan kuwa gwajin yawan ƙwayar cuta a jini ana yinsa ne wata shida bayan fara magani, sai a wata na 12, daga nan shekara-shekara. Wanda ya daina a watan Muharram zai iya kaiwa Sha'aban ba a gano ba, CD4 ɗinsa na sauka, matarsa ko jaririn da ke shan nono kuma ba su da kariyar da maganin yake ba su.